Satar Ruwan Teku a Gudel

A shekarar da kogin Isa ya tsaya cik, har yara na ƙetare shi da ƙafa a ƙarƙashin gadar Yamai, aka shiga wani gida a unguwar Gudel aka kwashe ruwa. Ba a taɓa rediyo ba, ba a taɓa buhun gero ba. Ruwa kawai aka ɗauka, cikin bido, wato jarkoki, goma sha biyu, kuma ruwan da ko kare ba zai iya sha ba.

Da sassafe ranar Asabar aka aika unguwar Bobiyel a kira Illo mai bin sawu. Illo mutumin Adar ne, dogo, ƙashi ya fi tsoka yawa a jikinsa. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin ɓarayin raƙuma a arewa, har farin da ya gabata ya cinye dabbobinsa ya koro shi Yamai. Ya sha zaman bukkar tabarma a bakin gari kafin mutane su san abin da idonsa ke iya gani a ƙasa. Yanzu in saniya ta ɓata ko an haura katanga, shi ake nema.

Ya iske ƙofar gidan cike da jama'a, kowa na faɗin abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. Tun jiya ake tattaka wurin.

Mai unguwa Jibo ya taso ya ba shi hannu yana gaisuwa. "Fofo, Illo. Wahala kawai aka ba ka. Ɓarawo an san shi." Ya yi nuni da haɓa wajen gaɓar kogi, inda waɗanda fari ya koro suka kakkafa tabarmi. "Akwai wani Buba mai jaki a cikinsu. Jiya an gan shi a ƙofar nan."

"In an san ɓarawo, me aka kira ni in yi?"

"Malamar gidan ce ta nace. Ni na ba ta zuwa la'asar. In an yi sallah ba a ga kaya ba, zan kai magana jandarma."

Illo ya san yadda jandarma ke aiki a wannan zamani na soja. Ba mutum ɗaya za su ɗauka ba. Kamiyo za su kawo, manyan motocin kaya, su loda duk wanda ke gaɓar nan, tsoho da mai jego, su kai su can dajin da suka gudo su sauke. Ya taɓa ganin an yi. Ya cire takalmansa, ya yi sallama ya shiga.

*

Malamar gidan ita ce Balkisa, mai koyar da ilimin halittu a lakwal. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta kai shi falo ta nuna masa wani akwatin gilashi mai tsawon gadon mutum, an wanke shi tas, ba ko ɗigon ruwa a ciki.

"Na Baba ne," in ji ta. "Ya daɗe yana aikin duwan, wato kwastan, a tashar jiragen ruwa ta Kotonu. Can ya koyi kiwon kifin teku, da ya dawo gida ya taho da abinsa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni ke kula da shi."

A gefe, cikin kujerar ƙarfe, mahaifinta Malam Amadou na zaune, hannunsa na dama a kwance bisa cinya kamar ba nasa ba. Akwatin nan mara ruwa yake kallo.

Balkisa ta ba da labarin yadda aka yi. An kawo musu sabon kifi daga Kotonu, ta yi gaggawar saka shi cikin sauran ba tare da ta ware shi ta gani ba. Ba a jima ba fararen ɗige-ɗige suka feso wa kifayen kamar an barbaɗa musu gari. Suka riƙa goga jiki da duwatsu, suna haki, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta kwashe ruwan duka, ta kankare gilashin. Duwatsun murjani masu rai ta saka su a baho daban, inda babu kifi, don cutar ta rasa abin ci ta mutu. Ta ɗaga wani zane ta nuna masa baho na biyu. Kifi uku ne a ciki, ɗaya rawaya kamar kwaiduwar ƙwai, biyu ruwan lemo masu farin ɗamara, wani ɗan inji na hura musu iska.

"Su kaɗai suka tsira. Sun warke, amma ruwan da suke ciki ya tsufa, ba zai ƙara riƙe su da nisa ba. Shi ya sa na roƙi Ado direba ya ɗebo mini na teku. Ya kawo ranar Laraba, muka jera a rumfar tsakar gida. Yau nake shirin zubawa."

"Jiya wa ke gida?"

"Da rana ba kowa sai Baba. Ni ina lakwal, Inna ta je gaisuwar mutuwa, Yaya Haruna yana wurin aiki. Da yamma na dawo na ga rumfa wayam."

Illo ya durƙusa gaban tsohon. "Malam, ka ga wanda ya shigo?"

Malam Amadou ya dube shi da ido ɗaya mai rai sosai. Sannan a hankali ya juya fuskarsa wajen bango.

"Magana na yi masa wuya," in ji Balkisa. "Tun da akwatin ya bushe, abinci ma sai da lallashi. Baba Illo, ni ba ɗaure kowa nake so a yi ba. Ruwana nake so. Kuma ban yarda a kwashe mutanen can a kan zato ba."

"To, mu biyu ke nan," in ji Illo.

*

A gefen ƙofar gida, kusa da katanga inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, ya samu sawun jaki mai tsagaggen kofato da sawun takalmin taya. Ya bi su har gaɓa.

Buba na zaune a inuwar amalankensa yana gyaran igiya. Bafillace ne da ya fito da garke daga arewa ya iso Yamai da jaki ɗaya. Yana ganin Illo ya miƙe, matan da ke kusa suka fara tattara yara.

"Zauna," in ji Illo. "Ni ba hukuma ba ne. Ka je gidan can jiya?"

"Na je. Ba zan ɓoye ba. Hajiyar gidan kan tara mini ruwan wanke-wanke in ba jaki. Na yi sallama ba a amsa ba, na juyo."

"An ce kun taɓa cacar baki da malamar."

Buba ya sunkuyar da kai. "Kwanaki na ga tana zubar da ruwa mai yawa a rami. Na roƙe ta, ta ce ba ya shayuwa. Raina ya ɓaci, na ce mata masu gida ba su san ƙishirwa ba. Na faɗa. Amma ban ɗauki kayansu ba. In na ɗauka ina zan kai? Ga gidana." Ya nuna tabarma biyu da aka jingina da sanda.

Illo ya koma ya sake bin sawun a hankali. Yadda kofaton jakin ya nitse a tafiya, haka ya nitse a dawowa. Ƙafafun amalanken ma ba su ƙara zurfi ba. Jakin nan fanko ya je, fanko ya dawo.

Ya faɗa wa mai unguwa. Jibo ya taɓe baki. "Wa ya ce sau ɗaya ya je? Yana iya komawa ta wata hanya. Ba shi kaɗai ke da ƙafa a gaɓar nan ba. Kawo mini kaya, ko ka kawo mini wani."

*

Hajiya Delu, matar Malam Amadou, tana madafa tana tsince shinkafa. Wata maƙwabciya ta riga ta raɗa wa Illo cewa Hajiya ta sha rantsuwa wata rana sai ta fasa akwatin nan da taɓarya.

"Na faɗa, kuma zan ƙara faɗa," in ji ta tun kafin ya gama tambaya. "Mutane na bin layin pampo tun asuba, mu muna nan muna hura wa kifi iska da wutar kuran. Kifin da ko miya ba ya yi! In na fita kunya nake ji."

"To ko ke kika sa aka kwashe, Hajiya, don a huta?"

Ta ajiye faifan ta dube shi. "Malam Illo, shekara talatin da wani abu ina tare da mutumin nan. Tun da ciwo ya kama shi, in ba a gaban kifin nan ba, ba ya buɗe baki ya karɓi loma. Ni ke ba shi. Kana ganin zan ɗauke abin da ke sa shi cin abinci?" Ta share ido da gefen mayafi, ta koma kan shinkafarta. "Ka je ka tambayi Ado. Ranar da ya kawo kayan, ko ruwa bai tsaya sha ba. Sai waige-waige yake kamar wanda ake bi."

*

Illo ya taka har garejin da manyan motoci ke kwana. Rana ta riga ta yi zafi. A hanya ya gama shirya maganar a ransa. Direba ya san kayan, ya san gidan, yana da motar ɗauka, kuma bido sabo abin nema ne a wannan shekara. Ya ga kamar ya gama aiki.

Ya iske Ado kwance ƙarƙashin kamiyonsa, hannu duk baƙin mai. Motar na bisa duwatsu, an cire mata ƙafafun baya. Makanikin wurin ya ce tun ranar Alhamis take haka, kuma jiya Ado bai gusa daga nan ba sai zuwa masallaci, tare suka je suka dawo.

Duk da haka, da Illo ya ambaci bido, fuskar Ado ta canza. Ya jawo shi bayan mota.

"Don Allah, Baba, rage murya. Ni alheri na yi. Malam Amadou ne ya samo mini aikin farko a Kotonu, ɗiyarsa ta roƙe ni, zan ƙi?"

"Ba wanda ya ce ka yi laifi. Me kake tsoro?"

"Ba komai. Ni dai ban kawo komai gidan kowa ba. In an tambaye ka, haka za ka ce."

Ya ƙi ƙara ko kalma. Illo ya lura da ƙwayoyin jar dawa da suka maƙale a tsagogin katakon motar, irin dawar taimako da ake kawowa daga tashar jiragen ruwa. Ya ga abin, amma bai ga inda ya haɗu da satar ba. Ya juyo Gudel da ƙafafu masu nauyi. Rabin yini ya tafi, kuma mutum ukun da ya zarga duk sun fita.

*

Azahar ta wuce lokacin da ya iso. Bai shiga ta gaba ba, don ba ya son haɗuwa da idon mai unguwa. Ya zagaya bayan gidan, inda wata ƙaramar ƙofar ƙarfe ke fita lungu, ya zauna a gindin dogon yaro yana tunani. Da safe ya duba nan bai samu komai ba. Ƙasar wurin tauri gare ta kamar daɓe, ba ta riƙe sawu.

Awakin unguwa guda huɗu na yawo a lungun, ramammu, haƙarƙari a waje. Ya daɗe yana kallonsu ba tare da ya gan su ba. Can sai ya lura ba kiwo suke ba. Babu ko tsinke a wurin. Ƙasa suke lasa. Kuma ba ko'ina ba: ɗaya na bakin ƙofar, ɗaya 'yan taku kaɗan gaba, sauran biyu na ture juna kusa da inda yake zaune. Sun jeru kamar an ja musu layi.

Ya tashi ya kore su, ya dangwali wurin da yatsa ya kai harshe. Sannan ya buga ƙofar ya kira Balkisa.

"Malama, ruwan nan naku in ya bushe, yana barin wani abu?"

"Gishiri. Dubi bakin bahon can, kullum sai na kankare." Ta tsaya. "Akwai bido biyu da murfinsu ba ya rufuwa sosai. Tun a rumfa suke ɗiga."

"To ta nan aka fita da su, ba ta gaba ba. Wa ke da makullin ƙofar nan?"

"A ƙusa yake rataye cikin madafa. Duk ɗan gida ya sani."

Suka bi layin tare, tana gane farin gishirin inda idonsa ya tsallake, yana gane inda aka ajiye kaya aka huta. Layin ya ƙare a gindin dogon yaron. Daga nan babu ɗigo ko ɗaya.

"A nan aka loda a mota," in ji Illo. "Wa ke ajiye mota a nan?"

A daidai lokacin wata mota kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya ta shigo lungun ta tsaya a inuwar. Wani saurayi mai fararen kaya ya fito, ya gaida Illo da ladabi, ya tambaya ko an dace, ya shige gida. Haruna ne, wan Balkisa, ma'aikaci a ma'ajiyar da ake sauke hatsin taimako, motar kuma ta wurin aikinsu ce.

Ko minti ba a yi ba awakin suka dawo. Ɗaya ta ɗora ƙafafun gaba bisa ƙarfen bayan motar ta fara lasar tsagar ƙofar kaya. Sauran suka bi ta.

Balkisa ta dafa bango.

"Je ki kira mini kowa," in ji Illo a hankali. "A aika gareji a taho da Ado. Buba ni zan kira shi da kaina."

*

Kafin kiran la'asar suka taru a tsakar gida: mai unguwa bisa kujera, Hajiya Delu a bakin madafa, Ado na murza hula, Buba a tsugune can kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Haruna ne ya turo kujerar mahaifinsa ya tsaya a bayanta.

Illo ya fara da Buba, ya faɗi yadda jakinsa ya je fanko ya dawo fanko. Ya ce motar Ado ba ta da ƙafafu tun Alhamis. Ya ce Hajiya na da bakin faɗa amma ba ta da niyya. Sannan ya ce:

"Wanda ya kwashe ruwan nan ya san lokacin da gida ba kowa. Ya san inda makulli yake. Kuma Malam ya gan shi, amma da na tambaye shi sai ya juya mini ƙeya. Da baƙo ne, ko da hannu ɗaya sai ya nuna mini hanyar da ya bi. Ku taso ku ga wani abu."

Ya buɗe ƙofar baya. Awakin na nan sun kewaye motar, ɗaya ma ta haye ciki tana lasar daɓen.

"Dabba ta daɗe ba ta ga gishiri ba a wannan shekara," in ji Illo. "Duk inda ruwan teku ya ɗiga ya bushe, sai ta same shi. Malam Haruna, gishiri kuke ɗauka a motar nan?"

Haruna ya dubi mahaifinsa. Tsohon na kallonsa, bai kau da ido ba.

"Ni ne," in ji shi. "Ni na kwashe."

Hajiya Delu ta yi salati. Balkisa ta tako gabansa. "Yaya, don me?"

Kafin ya amsa, mai unguwa Jibo ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya dubi Ado, ya dubi motar ma'ajiya, da alama ya fara hango inda maganar za ta. "Ni abin da aka kawo mini sata ce," in ji shi. "Ɗan gida ya ɗauki kayan gidansu, wannan ba ta kai jandarma ba. Dalili kuwa naku ne. Zan je in yi alwala. Abin da kunnena bai ji ba, ba wanda zai tambaye ni shi." Ya fita ya ja ƙofa.

Sai a lokacin Haruna ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa. A kan motar dawar taimako Ado ya ɗoro bidon. Jiya da safe a wurin aiki wani ya ce an ga kamiyon ya tsaya a Gudel kafin ya iso ma'ajiya, kuma soja za su fara bin gidajen ma'aikata. A makon da ya wuce an tafi da wani abokin aikinsa a kan buhu guda, har yau iyalinsa ba su san inda yake ba.

"In suka shigo suka ga bido daga Kotonu a gidanmu, wa zai yarda ruwa ne kawai? Da ni da Ado za su tafi. Na san in na gaya miki ba za ki bari ba. Na ce in kawar tukuna, in yi miki bayani da yamma. Da na dawo na iske unguwa ta cika, ana kiran sunan mutumin nan." Ya kasa duban inda Buba yake. "Sai na yi shiru."

"Ka yi shiru," in ji Illo. "Ka kwana, ka tashi, ka tafi aiki, ka san da la'asar za a zo a kwashe su."



Balkisa ta juya wajen direban. "Ado, ka gaya mini gaskiya. Ruwana ya hana wani buhu hawa motar?"

Ado ya murza hularsa. "Huɗu, Malama. Amma sun biyo motar baya, wallahi sun iso."

Balkisa ta dubi rumfar da bidon suka zauna. Da ta yi magana, ba da kowa take faɗa ba. "Ban tambaya ba. Na ce a kawo mini kawai, ban tambayi a kan me za a ɗoro ba." Ta ja numfashi. "Ina ruwan yake, Yaya? Ka zubar?"

"Na kai garkarmu, lambun nan na bakin kogi. Na zubar da biyar. Da na kama na shida sai na tuna Baba, hannuna ya ƙi. Sauran na cikin bukkar mai gadi, na rufe da zana."

"A wannan zafin? Tashi mu je."

"Da motar ma'ajiya, da rana tsaka?" in ji Ado. "Ku rufa mana asiri."

Sai Buba ya miƙe daga inda yake tsugune, ya karkaɗe rigarsa. "Jakina na nan," in ji shi. "Ba wanda ke duban abin da mai jaki ya ɗauko."

"Tsaya tukuna," in ji Illo. Ya dubi Haruna. "Hanyar garka ta gaɓa ta bi. Za ka tsaya a wurin mutanen can, ka gaya musu da bakinka cewa ba wanda zai zo ya kwashe su, kuma ɗan'uwansu bai ɗauki komai ba. In an idar da sallah ka maimaita a ƙofar masallaci. Dalili ka riƙe abinka. Amma sunan da aka ɓata a fili, a fili za a wanke shi."

Wani sauti ya fito daga kujerar ƙarfe. Malam Amadou ne ke kokawa da harshensa. Duk suka jira. Da ƙyar kalmar ta fito, a karkace, amma kowa ya ji ta.

"Je ka."

Haruna ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya bi bayan Buba da ƙafa.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da amalanken ya dawo da bido bakwai a ƙarƙashin tsohuwar zana. Balkisa ta buɗe kowanne ta sansana, ta saka wani ɗan gilashin awo ta duba. Ruwan ya yi ɗumi amma bai lalace ba. Ta sa aka jera su a inuwa, aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har suka huce.

Ita da Haruna suka riƙa zubawa a hankali ta cikin tiyo. Da bidon ƙarshe ya ƙare, ruwan bai wuce rabin akwatin ba sai da kaɗan.

"Bai isa ba," in ji Haruna.

"Zai isa. Kifi uku ne. Zan kwantar da duwatsun, in saukar da injin ƙasa. Wanda ya ƙafe in cika da na pampo, gishirin ba ya tafiya ko'ina. Bidon nan kuma a wanke su a ba Buba, su fita daga gidan nan yau. Ba za a ƙara ɗoro mini ko kofi ɗaya a motar hatsi ba. In an yi ruwan sama, hanya ta saki, zan je Kotonu da kaina."

Ta ɗauko duwatsun murjani ɗaya bayan ɗaya ta jera, ta kunna injin. Kumfa ta fara tashi. Ruwan ya yi duhu-duhu da ƙura.

"Kifin fa?" in ji Illo.

"Ba yau ba. Sai ruwan ya kwanta, ya zama ɗaya da wanda suke ciki. Gaggawa ce ta kashe mini na farko."

Malam Amadou ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yafito Buba, wanda ke tsaye a bakin falo bai yarda ya taka tabarma ba. Buba ya matso. Ya leƙa bahon ya ga kifin nan rawaya na juyi, ya ja da baya, ya sake leƙawa. Bai taɓa ganin teku ba, bai taɓa ganin halitta mai irin wannan launi ba. Ya tsoma yatsa a akwatin ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya fita da sauri ya tofar.

Ya dawo yana goge baki. "Malama, ashe gaskiya kika gaya mini ran nan." Ya dubi ruwan, ya dubi Haruna. "A kan wannan ne za a kore mu?"

Hajiya Delu ce ta shigo da kwanon shinkafa, ta ja kujera kusa da mijinta, ta ɗebo loma. Tsohon bai ɗauke ido daga kumfar da ke tashi cikin ruwan ba. Ya buɗe baki ya karɓa.

Illo ya sa takalmansa. A waje ya taya Buba ɗaure bidon a kan amalanke, suka kama hanyar gaɓa tare, don a can ma akwai masu jira su ji daga bakinsa.